Kukan Jariri Jawabi Ne, Shirunsa Ma Haka

'Yata ta fari ta zo wankan gida bana. Da yake tiyata aka yi mata wajen haihuwa, mahaifiyarta ta ce ba inda za ta sai ta ji ƙwari sosai. Arba'in ta zo ta wuce, aka shiga wata na uku, har aka ci rabin na huɗu. A cikin waɗannan watanni na samu wani aiki da ban taɓa yin irinsa ba. In na dawo daga masallaci da asuba, mai jego ta koma barcin gajiya, uwargida tana fama da ruwan zafi da kunu, sai a miƙo mini jaririyar a ce, "Alhaji, riƙe amaryarka." In zauna a kan darduma, in miƙe ƙafafu, in kwantar da ita a cinyata fuskarta na duban tawa.

Makonnin farko barci ne da kuka da tumbuɗi. Wajen arba'in ta fara murmushi irin na wanda ya gane mutum, daban da wanda take yi cikin barci. Sai wata safiya, tana da kamar mako tara, ta ƙura mini ido, ta tattara laɓɓanta da ƙyar kamar mai ɗaga kaya, ta ce wani abu mai kama da "agu". Na ce, "Na'am, ina jin ki." Ta yi shiru. Ta wutsila ƙafa, ta sake cewa "agu", wannan karon da ɗan ja. Na ce, "Ashe? Sai kuma aka yi yaya?" Muka yi ta haka har rana ta fito. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shirun da take yi a tsakani. In ta faɗi nata sai ta dakata, idonta a kan bakina, tana jira. In ina magana ba ta katse ni. Yarinyar da ba ta san ko kalma ɗaya ba, ta riga ta san yadda ake hira: ka faɗa, ka saurara, ka mayar.

Daɗin da na ji a ranar ya zo da ɗaci a ƙasansa. Uwar wannan yarinya ita ce 'yar farina, kuma ban taɓa yin irin wannan zama da ita ba. A gidan mahaifina aka haife ta. Ban ɗauke ta a gaban manya ba, ban kira sunanta ba, in tana kuka a tsakar gida na zo wucewa sai in kau da kai kamar ba tawa ba. Mahaifiyarta ma sai an yi mata faɗa take ba ta nono a gaban surukai. Kowa ya san ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, kuma an yaba mana a kanta. Amma yanzu na san ita ma ta taɓa duban fuskata ta yi mini irin wannan kira, na wuce.

Abin da nake so in faɗa ɗaya ne. Jariri yana zance tun kafin bakinsa ya buɗe, amsa masa haƙƙinsa ne kamar nono da rigakafi, kuma a gidajenmu na yau masu amsawar suna ta raguwa ba mu ankara ba.

Mukan ce jariri bai san komai ba, kuma ta wata fuska gaskiya ne. Allah ya ce a Suratun Nahli, aya ta 78, shi ne ya fitar da mu daga cikkunan iyayenmu mata ba mu san komai ba. Sai dai ayar ba ta tsaya nan ba, ta ce ya sanya mana ji da gani da zukata. Ji aka fara ambata, kuma yana aiki tun kafin haihuwa. Tun ciki yana wata shida zuwa bakwai ɗan tayi yake jin bugun zuciyar uwarsa da amon muryarta. A 1980 wasu masu bincike biyu a Amurka, DeCasper da Fifer, suka haɗa kan robar tsotso da na'ura, ta yadda salon tsotson jariri ne zai zaɓi muryar da za ta fito, ko ta uwarsa ko ta wata mata. Jariran ba su wuce kwana uku da haihuwa ba, amma suka riƙa tsotso ta hanyar da muryar uwa ce za ta fito.

Kukan ma ba haka kawai yake fita ba. A 2009 masu bincike daga Jami'ar Würzburg ta Jamus da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon kukan jarirai 60 da suka naɗa, rabi 'ya'yan Faransawa, rabi na Jamusawa, duk ba su cika mako guda ba. Na Faransawa ya fi farawa daga ƙasa ya hau, na Jamusawa ya fi farawa daga sama ya sauka, kowanne ya bi karin harshen da ya saurara yana ciki. Daga baya suka naɗi kukan jariran mutanen Nso da ke arewa maso yammacin Kamaru, waɗanda harshensu, kamar namu, yake bambanta ma'ana da hawa da saukar murya. Kukan waɗannan ya fi na Jamusawa hawa da sauka. Mu da muke raba kuka na hawaye da kuka ta miya da karin murya kaɗai, ya kamata wannan ya sa mu sake sauraron 'ya'yanmu da sabon kunne.

Kunnen jariri a buɗe yake zuwa duniya, sai a hankali ya tsuke ya koma na gida. Janet Werker ta nuna haka a Kanada a 1984. 'Ya'yan masu jin Turanci 'yan wata 6 zuwa 8 suna rarrabe wasu sautukan harshen Hindi da iyayensu ba sa jin bambancinsu, amma daga wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina. Wato kafin yaro ya ce "Baba", kunnensa ya riga ya zaɓi harshe. Bambancin baki da baƙi, da kafa da ƙafa, wanda baƙo mai koyon Hausa zai yi shekaru yana fama da shi, ɗan Bahaushe a bayan uwarsa yake kama shi.

Tsofaffinmu sun san da yawa daga cikin wannan ba tare da na'ura ba. Uwargida takan ji kuka daga madafa ta ce, "Wannan na barci ne," ko ta ce, "Duba ta, ta jiƙa." Ita ce ta nuna wa mai jego cewa kafin kuka akwai alamu, juya kai ana lalube, cusa hannu a baki, tanɗar laɓɓa. Ma'aikatan lafiya ma haka suke koyarwa, cewa kuka alama ce ta ƙarshe ta yunwa. Jaririn da ya kai ga tsala kuka ya daɗe yana faɗa a hankali ba a ji shi ba.

Akwai wani gwaji da nake so kowane uba ya sani. Edward Tronick da abokan aikinsa a birnin Boston suka wallafa shi a 1978, kuma an sake yin sa sau da dama a ƙasashe daban-daban. Za a zaunar da jariri ɗan 'yan watanni a gaban uwarsa, su yi wasansu yadda suka saba, tana yi masa magana yana wutsil-wutsil. Sai a ce wa uwar ta ɗaure fuska. Ba ta dake shi ba, ba ta yi masa tsawa ba, ba ta tashi ta tafi ba. Tana nan zaune a gabansa, fuskar ce kawai ta daina motsi, na minti biyu ko uku. Nan take yaron yake ganewa. Zai fara da murmushin da ya san yana jawo ta. In bai yi ba, ya yi gwaranci, ya miƙa hannu, ya ɗaga murya. Duk dabarar da ya mallaka sai ya gwada. Da ya ga babu amsa sai ya kau da kai, ya kama tsotsar yatsa, ya banƙare, da yawa su fashe da kuka. Minti biyu ke nan, kuma uwarsa tana gabansa.

Ranar da na fahimci wannan gwaji, fuskar da ta zo mini a rai ita ce ta mai duba waya. Ido a ƙasa, baki a rufe, babu abin da ke motsi sai babban yatsa. Jariri sabon haihuwa ya fi ganin abin da ke tazarar santimita 20 zuwa 30 daga idonsa, kusan daidai tazarar da ke tsakanin nono da fuskar uwa. Allah ya auna wannan wuri don fuska biyu su haɗu, yanzu a nan waya take tsayawa. Masu bincike sun sake gwajin Tronick, maimakon ɗaure fuska suka ce wa uwa ta duba wayarta, yaran suka nuna damuwa mai kama da waccan.

Ba na so a ɗauki wannan a matsayin wani sabon laifi da za a ƙara wa mata a kan waɗanda ake ɗora musu. Yarinya ce aka kai ta unguwar bayan gari, miji ya fita tun safe, katanga ta yi tsawo, ƙofa a rufe. Wayar nan ita ce mahaifiyarta da ƙawayenta, wata kuma da ita take sayar da atamfa ko turaren wuta a WhatsApp ta samu na sabulu. Ta yi wanki, ta yi girki, ta kwana ba ta runtsa ba. In ta ɗauki waya ta huta na minti goma ba ta yi zunubi ba, kuma jariri ba ya lalacewa don an shagala da shi na ɗan lokaci. Tambayar da nake yi ita ce, in ta gaji, wa zai karɓa? Maigida yakan shigo bayan isha, ya ci tuwo, shi ma ya kishingiɗa da tasa wayar, labarin siyasa ko ƙwallo, yaro na kwance a gefe yana bin fanka da ido.

Wani zai ce ai wayar ma tana magana, ana kunna wa yaro waƙoƙin haruffa da zanen ban dariya don ya taso da Turanci a baki. Patricia Kuhl ta gwada wannan a birnin Seattle, ta wallafa a 2003. Aka kawo jarirai 'yan wata tara na gidajen da ba a jin komai sai Turanci, aka yi musu zama 12, kowanne minti 25, da mutanen da ke yi musu wasa da karatu cikin harshen Sinanci. Bayan nan suka iya rarrabe sautukan Sinanci kamar 'ya'yan masu harshen. Wani rukunin aka nuna musu mutanen nan dai, da magana iri ɗaya, amma a talabijin. Ba su kama komai ba, daidai suke da waɗanda ba su taɓa ji ba. Allo yana zuba ne kawai, ba ya dakatawa ya jira "agu" ɗin yaro, ba ya bin idonsa ya ga abin da yake kallo. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allo.

Na san abin da dattawa 'yan'uwana za su ce, domin sun faɗa mini a majalisa bayan magariba. Ɗaya ya ce, "Alhaji, mu wa ya zauna yana hira da mu muna cikin zanen goyo? Ga mu nan mun girma, mun yi karatu, mun riƙe gidaje. Wannan duk iyayin Turawa ne." Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ƙaryata shi ba. Akwai al'ummomi, kamar wasu ƙauyukan Mayawa a ƙasar Meksiko, inda manya ba sa yawan yi wa jariri magana kai tsaye, amma aka samu yaran suna fara magana a kan kari. Ba dole sai uwa ta zauna tana zuba kamar rediyo ba.

Amma ina roƙon abokina ya tuna gidan da ya tashi. Gidan gandu ne, sassa huɗu ko biyar. Akwai kaka wadda ba ta da aiki da ya wuce jika, tana yi masa kirari, tana kiran sa maigida, tana yi masa waƙa tana cilla shi sama tana cafewa. Akwai goggo, akwai abokiyar zaman uwa, akwai yayye mata da ke rige-rigen goya shi, akwai 'yar maƙwabta da ke zuwa ɗaukarsa tun hantsi sai azahar ta dawo da shi. In ya yi gwaranci, mutum uku ne za su kwaikwaye shi. In ya nuna akuya da yatsa, wata za ta ce, "Akuya ce, ka gan ta, me-e-e." Babu wanda ya kira wannan koyarwa, amma ita ce. Kunyar ɗan fari ta yiwu ne domin akwai masu karɓa, uwa ta kau da kai, kaka ta miƙo hannu. 'Yata ba ta rasa mai amsa mata ba, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ita ta biya mini wannan bashi. Yau mun bar gidan gandu mun koma ɗaki biyu da falo. Mun taho da kunyar, mun baro kakar.

Goyo kansa hira ce, ko da baki bai motsa ba. Yaro ya motsa a baya, uwa ta jijjiga, ya ƙara motsi, ta kai hannu ta bubbuga, ya lafa. A birnin Montreal na Kanada an gwada a 1986, aka ce wa wasu iyaye su ƙara yawan ɗaukar jariransu a jiki ko da ba sa kuka. A mako na shida, lokacin da kukan jarirai yake kaiwa ƙololuwa, nasu ya yi ƙasa da na sauran da kashi 43 cikin ɗari. Abin da iyayenmu mata suke yi da zane da majanyi tun kaka da kakanni ke nan. Don haka raina yakan ɓaci in na ji ana ce wa sabuwar uwa, "Kada ki saba masa da hannu, ki bar shi ya yi kukansa zai gaji ya yi shiru." Ɗan wata biyu bai san sangarta ba. Zai yi shiru, gaskiya ne, amma sai a tambaya wane irin shiru ne.

Nan ne na zo kan wani yabo da nake jin tsoronsa: "Yaron nan mai haƙuri ne, ko kukansa ba a ji." Akwai jariran da Allah ya yi su da sanyin hali, waɗannan za ka ga idonsu yana bin mutane, suna murmushi, suna amsawa in an yi musu wasa. Ba su nake nufi ba. Akwai shirun da ya fito daga fid da rai. Lokacin da gwamnatin Ceaușescu ta faɗi a Romaniya a watan Disambar 1989, duniya ta ga gidajen marayu da aka tara yara fiye da 100,000 a cikinsu. Abin da baƙi da yawa suka ba da labari shi ne shirun ɗakunan, gadaje jere cike da jarirai amma ba ka jin kuka. Ma'aikaciya ɗaya ce a kan yara da yawa, a ba su abinci a kan lokaci, a sauya musu tsumma a kan lokaci, shi ke nan. Yaran sun kira har sun gane babu mai zuwa. A farkon shekarun 2000 aka bi diddigin yara 136 daga irin waɗannan gidaje a Bukarest, aka mayar da rabinsu hannun iyalai. Waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu su ne suka fi farfaɗowa.

Mu ba mu da irin waɗancan gidaje, amma muna da tamowa, kuma duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da ake kwantar da masu ita ya san shirun da nake faɗa. Yaron da yunwa ta ci jikinsa ba ya wasa, ba ya bin mutum da ido, ba ya neman a kula shi. Da yake ba ya nema, sai a rage kula shi, abu biyu su haɗu a kansa. Haka jariri sabon haihuwa da ya ƙi kama nono, jikinsa ya saki, ana tashinsa da ƙyar, wannan ba haƙuri ba ne, asibiti yake kira, kuma a ranar. Haka wanda faɗuwar kwano ba ta firgita shi, ko ya doshi shekara ba ya yin "ba-ba-ba", ba ya juyowa in an kira sunansa. Shawara mai tsanani da sanƙarau da ƙyanda duk suna taɓa kunne, kuma in an gano da wuri akwai abin yi. Ko kurma ma yana da gwarancinsa, an ga jariran kurame waɗanda iyayensu ke maganar hannu suna gwaranci da yatsunsu a watannin da masu ji suke yi da baki.

Labarin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa daga ƙasar talakawa ya fito. A unguwannin marasa ƙarfi na birnin Kingston a Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci ya tsumburar. Wasu aka ba su madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta unguwa take zuwa gidansu sau ɗaya a mako, awa guda, har shekara biyu. Abin da take yi shi ne ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida, ta faɗa masa sunan abin da ya taɓa, ta yaba masa in ya yi ƙoƙari. Bayan shekara ashirin aka nemo yaran sun zama manya. Waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na waɗanda ba a yi musu ba da kashi 25 cikin ɗari. Wannan ba ya nufin wasa yana maye gurbin abinci, mai yunwa abinci yake buƙata kafin komai. Amma ya nuna akwai wata yunwar ta biyu, kuma maganinta yana hannun talaka.

Ba sai an gina komai ba kafin a fara. Kowace uwa da ke kai ɗanta rigakafi tana zuwa asibiti a mako na 6, na 10, na 14, da wata na 9. Ana ɗora yaro a sikeli, a ɗiga masa magani, a yi masa allura, a cika kati. Ma'aikaciyar da ke wannan aiki, ko da layi ya yi tsawo, za ta iya ƙara tambaya biyu: "Yana kallon ki in kina ba shi nono? In kin yi masa magana yana amsawa?" Gidajen rediyonmu da suka iya shigar da saƙon gidan sauro da ruwan gishiri da sukari cikin kowane ƙauye za su iya shigar da wannan. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in matansu sun haihu. Ina fata wanda ya samu wannan hutu ba zai ƙarar da shi duka a neman rago da karɓar 'yan barka ba.

Amma waɗanda na fi sa wa rai su ne malamai, domin maza sun fi jin maganarsu, kuma hujjar tana hannunsu. A ranar suna ana tara maza a ƙofar gida, a yi addu'a, a raba goro da dabino, a watse. Minti uku sun isa a tuna musu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita don kada ya wahalar da uwarsa. Sahu cike da manyan sahabbai, amma kukan jariri ya sauya tsawon salla. Ya yi limanci yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Kunya ado ce, ba na neman a zubar da ita. Amma duk cikarta ba ta kai ta wanda ya yi waɗannan abubuwa a gaban jama'a ba.

Wani ɓangare na gwajin Tronick ya fi taɓa ni fiye da na farkon, shi ne abin da ke faruwa in uwa ta saki fuska. Yaron yakan ɗan yi jim, wani ya ci gaba da ƙunƙuni, ya kalle ta ya kau da kai ya sake kallo, amma ba a daɗewa sun koma wasansu. Tronick ya kuma lura cewa ko a zaman lafiya lau, uwa da jariri ba sa dacewa da juna sai kamar kashi 30 cikin ɗari na lokacin. Sauran duk saɓani ne ƙanana, ta yi magana yana kallon wani wuri, ya kira ba ta ji ba, sai kuma su gyara. A ganinsa wannan gyaran da ake ta yi shi ne yake gina yaro.

Sai na dubi yadda mu manya muke yi. Ɗaure fuskar da aka sa uwa ta yi na minti biyu don gwaji, mu mun mayar da ita makami, mun ba ta suna gaba. Miji ya shigo gida ya yi kwana bakwai ba ya amsa gaisuwar matarsa. 'Yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya su yi shekara biyar ba sa ga-maciji a kan gona. Mun san zafinta sarai, shi ya sa muke amfani da ita. Ni kaina na taɓa yin wata uku ba na magana da ƙanena a kan abin da yau ba zan iya faɗin farkonsa ba, kowa yana jira ɗan'uwansa ya fara. Hadisin da ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku ya siffanta mu daidai, su haɗu wannan ya kau da kai wancan ya kau da kai, kuma ya ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Jikata kullum ita ce mai farawa. In na shagala da lazimi na manta da ita, ba ta lissafa wa ya kamata ya fara, sai ta ce "agu". In ban ji ba ta ƙara. In na juyo, ta karɓe ni da dukkan fuskarta, ba ta ajiye komai don gobe. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma haka ne a harkokin duniya. A wannan dai, a cinyata na gan shi.

Ranar da za a mayar da su, mijin 'yata ya zo da mota, ya tsuguna a zaure ya gaishe ni kansa a sunkuye. Tsakanin suruki da suruki ba a doguwar magana, kuma jaririyar ma 'yar farinsa ce, na san abin da ke jiran ta. Na yi ta juya abin a raina har aka gama loda kaya. Da ya zo sallama na ce, "Malam, ga amanarka nan. Tana magana fa. In ta yi maka, ka amsa mata, ko da a cikin ɗaki ne." Ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "To Baba, in Allah ya yarda."

Yanzu mako uku ke nan. Jiya 'yata ta kira, ta ce, "Baba, ga amaryarka," ta kanga mata wayar a kunne. Na ce, "Na'am, ina jin ki." Ba ta ce komai ba. Uwarta ta ce waige-waige take yi, tana duban ƙofa. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan shiga mota in je.